Ga mai zuwa kallon wasan hardcore punk karon farko

'Yan uwa, in za ku leƙa irin wannan wasa na kiɗan Turawa mai sauri da ƙara a Washinton, misali a kulob ɗin Black Cat, ku tafi da abin toshe kunne. Ƙarar ganguna da gita sai ta bar mutum da amon kunne kwana biyu. Ku sa takalmi rufaffe, mai silifa wallahi zai sha taku. A tsakiyar fili da gangan ake turereniya, wanda bai iya ba ya koma gefe. Amma duk wanda ya faɗi, a ɗaga shi, ƙa'idarsu ke nan. Mai alamar X a bayan hannu kuwa ba ya shan giya, al'ada ce tun farkon shekarun 1980. Ku riƙe tsabar kuɗi, makaɗan da kansu suke sayar da riguna da faifai.