Yadda ake sabar da kare da keji har ya zama ɗakinsa

Kare ba ya son ɓata wurin da yake kwana, kuma a kan wannan ɗabi'ar aka gina duk horon keji. Idan kejin ya zama makwancinsa, zai riƙe fitsari har a fitar da shi, zai daina tauna takalma da wayoyin lantarki idan ba kowa a kusa, zai kuma koyi natsuwa shi kaɗai. Sai dai kejin da kansa ba ya koyar da komai. Tsarin lokaci ne ke yin aikin.

Fara da girman kejin, domin a nan ake yawan kuskure. Auna karen daga hanci zuwa gindin wutsiya, sannan daga ƙasa zuwa saman kai yana tsaye, ka ƙara santimita 5 zuwa 10 a kowane awo. Ya iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Kada girman kejin ya wuce haka. Keji mai faɗi da yawa yana ba kwikwiyo damar yin kashi a kusurwa ɗaya ya koma ɗaya ya yi barcinsa. Idan ka sayi babba saboda zai girma, sa shamaki a tsakiya kana matsar da shi. Ajiye kejin inda mutanen gida ke zama, a inuwa, inda iska ke ratsawa, don kare da haki yake rage zafin jikinsa, kuma rufaffen wuri mai zafi na iya kashe shi. Cire masa abin wuya kafin ya shiga, kada ya maƙale a ƙarfe ya shaƙe shi.

Kwana biyu ko uku na farko, ƙofa a buɗe take, a ɗaure ta ma don kada ta buga ta firgita shi. Jefa ɗan guntun nama a bakin ƙofa, sannan a tsakiya, sannan can ciki. Kada ka tura shi. Wani zai shiga cikin minti biyar, wani sai ya yi kwanaki yana miƙa wuya, ƙafafun baya a waje, ya ɗauke naman ya ja da baya. Bar shi, haka ake farawa. Daga nan sai duk abincinsa ya koma cikin kejin. Ranar da ka ga yana ci hankali kwance, rufe ƙofar, ka buɗe da zarar ya gama. Washegari ƙara minti ɗaya ko biyu bayan cin abincin.

Zaɓi kalma ɗaya, misali "shiga", kowa a gidan ya riƙa amfani da ita. Faɗe ta sau ɗaya, ya shiga, ba shi lada, rufe. Zauna kusa na minti 5 zuwa 10, fita daga ɗakin kaɗan, dawo, sannan ka buɗe. Idan ya kai minti 30 a natse ba ya ganinka, za ka iya barin gidan na ɗan lokaci. Fita da dawowa duk a yi su ba hayaniya.

Batun kuka yana buƙatar lura sosai. Idan ka buɗe yana tsakiyar kuka, ka koya masa cewa kuka ne mabuɗi, gobe zai ƙara ƙarfi. Jira ya yi shiru ko da na daƙiƙa biyar ne. Amma kwikwiyon da ya farka da tsakar dare yana kuka, yawanci fitsari ne ya matse shi. Sa masa igiya, kai shi wurin da aka ware masa don fitsari, ba wasa ba magana, ya gama ka yaba masa, ka mayar da shi. Ƙiyasin da masu horo ke bi shi ne kwikwiyo na riƙe fitsari kusan awa ɗaya a kan kowane wata na shekarunsa, wato ɗan wata uku kusan awa uku. Wanda bai kai wata shida ba kada ya wuce awa uku zuwa huɗu a rufe da rana. Fitar da shi duk sanda ya tashi daga barci, bayan cin abinci, da bayan wasa.

Idan ya ɓata kejin, duba tsarinka: ko lokacin ya yi tsawo, ko wurin ya yi faɗi, ko kuma ciwon ciki ne. Wanke da sinadarin da ke kashe warin fitsari, ka guji mai amoniya, domin warinsa kamar na fitsari ne, zai sake jawo shi wurin. Kada a taɓa jefa kare cikin keji don hukunci, sau ɗaya ya isa ya rushe aikin makonni. Babban kare ma da ya yi gudu da wasa ya gaji ne ke kwanciya lafiya a ciki. Wanda ya wuni a rufe ya kuma kwana a rufe, cutarwa ce kawai ake masa.

Akwai karen da keji bai dace da shi ba. Idan ka tarar da dalala ta jiƙa ƙasa, yana haki ba zafi, ya lanƙwasa ƙarfe da haƙori ko farcensa na jini, wannan tsananin tsoron kaɗaici ne, kuma rufewa na ƙara shi. Dakatar da kejin, ka kai shi wurin likitan dabbobi.