Digiri na biyu a fiziks na asibiti a Akra: yadda ake shiga da inda ake yin tuntuɓe

Idan ka gama digirin farko a fiziks, a Jami'ar Gana da ke Legon ko jami'ar KNUST ta Kumasi, kuma ranka yana son aikin asibiti, ƙofar tana Kwabenya, harabar Hukumar Makamashin Atom ta Gana. Can ne SNAS, makarantar kimiyyar nukiliya, take, wadda Jami'ar Gana da hukumar suka kafa a 2006 da tallafin IAEA, hukumar makamashin atom ta duniya. Ɗan Madina ba shi da nisa, hanyar Haatso ce kai tsaye.

Takardar neman shiga ta intanet ake cikewa a shafin Jami'ar Gana. Ka nemi takardar sakamakonka ta duk shekaru da wasiƙun malaman da za su tsaya maka tun da wuri, don su suka fi ɓata lokaci. Karatun MPhil, wato digiri na biyun, shekara 2 ne: ta farko darussa, ta biyu bincike da zuwa asibiti. Kafin ka fara, ka farfaɗo da lissafinka, ka kuma soma karanta ilimin sassan jiki, domin nan ne 'yan fiziks suka fi shan wuya. Ba za ka tsara wa mai ciwon daji gashi, wato magani da radiyeshin, ba alhali ba ka san inda laka ko mafitsara take a hoton CT ba.

Babban abin da muke so ka riƙe shi ne awo. Likita yana rubuta adadin radiyeshin da za a ba majinyaci, kai ne mai tabbatar da cewa abin da na'ura ta fitar bai kauce masa da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Bisa ƙa'idar TRS-398 ta IAEA, ana sa ƙaramar na'urar awo mai iska a ciki cikin tankin ruwa, zurfin santimita 10, a buɗe filin da radiyeshin zai sauka mai faɗin santimita 10 a kowane gefe. Sai dai an daidaita na'urar awon ne a zafin digiri 20 da matsin iska kilofaskal 101.3. In ɗakin ya kai digiri 26 ka manta gyaran zafi, ka yi kuskuren kusan kashi 2 cikin 100 tun ba a je ko'ina ba. Ka bar ruwan ya zauna a ɗakin har zafinsu ya zo ɗaya, sannan ka auna zafin ruwan kansa, ba na bango ba. Na'urar gashi mai amfani da sinadarin kobalt-60 kuwa ƙarfinta yana raguwa da rabi duk shekara 5.27, wato kimanin kashi 1 cikin 100 a wata, don haka lokacin gashi ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wajen zaɓen batun bincike, kada ka bi sunan da ya fi armashi. Tambayi kanka wace na'ura za ka samu, kuma yaushe. Cibiyoyin gashi kaɗan ne, na asibitocin Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi su ne na gwamnati, kuma majinyata ne a gaba, ɗalibi sai yamma ko Asabar. Na'ura in ta lalace, jiran kayan gyara yana iya cinye watanni. Ka tanadi batu na biyu da za a iya yi da bayanan da aka riga aka tara, ka kuma nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun ƙarshen shekarar farko.

Digirin kaɗai ba ya ba ka damar aiki kan majinyata. Akwai horon asibiti na shekara ɗaya da rajista a majalisar da ke ba ma'aikatan lafiya irinku lasisi, wadda doka mai lamba 857 ta 2013 ta kafa. A duk tsawon horon kada bajon auna radiyeshin ya bar ƙirjinka, kada kuma ka ara wa wani. Iyakar radiyeshin da aka yarda jikin ma'aikaci ya ɗauka milisibat 20 ce a shekara, idan aka ɗauki matsakaicin shekara 5.