Yadda za ka zaɓa tsakanin sabuwar furosesa mai tsimin wuta da tsohuwar Xeon ta saba

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Samaru ya shigo shagona da murnarsa, ya miƙo mini waya. Hoton Xeon E5-2680 v4 ne, wato furosesar Intel (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da aka yi don saba, manyan kwamfutocin kamfanoni, haɗe da madabod da RAM, a kuɗin da bai kai na wayar da ke hannunsa ba. Ya ce, "Yaya, ƙwaya 14 fa! Tawa huɗu kawai gare ta." Na ce, "To madalla. Wa zai ba ta wuta?" Sai ya yi shiru. Ba shi ne na farko ba, ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Ga yadda nake bi da duk wanda ya zo mini da tambayar ko tsohuwar Xeon zai saya ko sabuwar furosesa mai tsimin wuta.

Da farko ka san abin da kake kwatantawa. E5-2680 v4 ta fito a 2016, ƙwayoyin aikinta 14 (ƙwaya ita ce core, sashen furosesa da ke ɗaukar aiki da kansa), gudunta 2.4 GHz, tana hawa zuwa 3.3 idan aiki ya matsa, kuma Intel ta rubuta mata wat 120. Yayarta E5-2670 v3 ta 2014 ce, ƙwaya 12, ita ma wat 120. Manyan kamfanoni ne suka more su a ɗakunan saba masu sanyi, da suka sabunta kayansu sai aka zubo su kasuwa, shi ya sa suke arha. A ɗaya ɓangaren akwai Intel N100 ta 2023, ƙwaya 4, wat 6, wadda ake sakawa a ƙananan kwamfutocin nan da za ka riƙe a tafin hannu. A tsakiya kuma akwai irin su Core i3-12100 ta 2022 da Ryzen 5 5600G ta 2021, masu wat 60 zuwa 65. Idan mai sayarwa ya nuna maka tsohuwar Xeon E5 wadda babu v3 ko v4 a ƙarshen sunanta, ka wuce abinka. Zubin farko da v2 ba su da AVX2, wato wani rukunin umarni da ake ginawa a cikin furosesa, kuma akwai sababbin manhajoji da wasannin da ba za su ma buɗe ba sai da shi.

Mataki na biyu, ɗauki biro ka rubuta aikin da kwamfutar za ta riƙa yi kullum, ba wanda kake fatan yi wata rana ba. Idan buga furojet ɗin ɗalibai ne, da Word, da Excel, da cike fom a intanet, da CorelDRAW na katin biki, to duk waɗannan ƙwaya ɗaya ko biyu suke wahalarwa, sauran suna zaune suna kallo. A irin wannan aikin ƙwaya mai sauri ake so, kuma ƙwaya ɗaya ta i3-12100 ta yi wa ta tsohuwar Xeon nisa sosai. Ko zane a AutoCAD haka yake. Yawan ƙwaya yana amfani ne inda aiki ke rabuwa: fitar da hoto a Blender, ko kunna kwamfutocin gwaji goma a cikin guda ɗaya da manhajar Proxmox, ko gwajin netwok a manhajar GNS3 ga mai shirin jarrabawar Cisco. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan a takardarka, kana iya tsallake maganar Xeon tun daga nan.

Mataki na uku shi ne wuta, kuma nan ne zan daɗe, don nan ne na ƙone hannu.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya kalli wat 120 da wat 6 ɗin nan ya ɗauka abin da kwamfutar za ta ja ke nan. A'a. Wannan lamba ta zafin da furosesa ke fitarwa ce, don mai haɗa fanka ya san girman da zai saka. Abin da ya shafe ka shi ne abin da dukkan akwatin kwamfutar ke ja a soket, musamman lokacin da ba ya aikin komai, domin kwamfuta ta fi daɗewa a zaune tana jira fiye da tana aiki. Akwai ƙaramar mita da ake sokawa a bango, sai a soka kwamfutar a jikinta, ta nuna maka wat. Ba ta da tsada, ka nema wajen masu kayan sola a Sabon Gari. Ni dai ba na biyan kuɗin tsohuwar kwamfuta sai na soka ta a wannan mitar, ko da mai shagon zai ɓata rai.

Tawa da na auna, mai Xeon da katin hoto da RAM sanda huɗu, tana cin wajen wat 80 alhali ba a taɓa ta ba, idan kuma aka ɗora mata aiki tana wuce 200. Ƙaramar mai N100 kuwa wajen 10 take ci a zaune, ba ta cika wuce 25 ba ko an matsa mata.

Yanzu yi lissafi. Wat 80 sau awa 24 sau kwana 30 ya ba ka yunit 57.6 a wata. Wat 10 kuwa yunit 7.2. Bambancin yunit 50 ke nan. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A, yunit ɗaya ya haura naira 200, wato kusan naira 10,000 a wata kake biya don kawai akwatin ya zauna a kunne. Cikin shekara ɗaya ka biya rarar da ka ji daɗin samu wajen saye, har da ƙari.

Amma yawancinmu a Zariya ba kuɗin mita ne damuwarmu ba, batir ne. Batir mai 200Ah na bolt 12 a takarda wat-awa 2,400 ne. Idan kana so ya yi maka shekaru, rabi kawai za ka riƙa sha, inbata ma ta ci nata, abin da ya rage maka bai fi 1,000 ba. Xeon da allonta mai wat 25, a zaune kawai, ba za su kai awa 10 ba. Idan tana aiki, awa 4 zuwa 5 an gama. Ƙaramar da allo iri ɗaya za ta wuce kwana guda. Kuma ban sa fankar ɗaki da ƙwan fitila da cajin wayoyin mutanen gida a lissafin ba.

Ni abin da ya same ni, na sayo tsohon akwati mai Xeon na ce zai zama ma'ajiyar fayilolin shago, ya kuma riƙa sauke abubuwa da dare lokacin da data ke arha. Batirin da a da yake kai mu asuba sai ya koma inbata na kuka ƙarfe ɗayan dare. Na zargi mai sola, na zargi batir, har na sa aka zo aka duba wayoyin rufi. Ban kawo akwatin a raina ba, tunda ai "ba ya aikin komai". Kafin in farga, shanye batirin ƙarƙaf kowane dare ya kashe shi, kuɗin sabo kuwa ya ninka abin da na sayi kwamfutar. Uwargida har yau idan aka ɗauke wuta sai ta tambaye ni ko injin nan nawa ne ya dawo.

Ga kuma zafi. Duk wat ɗin da ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. A watan Maris da Afrilu, a shago mai rufin kwano, wat 200 kamar ka kunna ƙaramin risho ne a gefen ƙafarka. Da hunturu kuma ƙura ke toshe fankokin, dole ka riƙa buɗewa kana hurewa. Idan cikakkiyar saba ce irin mai kwanciya kamar faranti, wato Dell PowerEdge R730 ko HP ProLiant DL380 Gen9, ƙananan fankokinta suna da ƙara ƙwarai, don ba a yi su domin ɗakin kwana ba. Ɗalibin da ke zaune da abokan ɗaki uku kada ma ya fara.

Mataki na huɗu, haɗa kuɗin komai, ba na furosesa kaɗai ba. Xeon E5 ba ta da sashen hoto a cikinta, ba za ka ga komai a allo ba sai ka sayi katin hoto daban. Wannan yana kama mutane da yawa, sai kaya sun iso sannan su gane. Ƙara fawa fak mai kyau, wato abin da ke ba kwamfutar wuta, kada ka sa na arha mara nauyin nan, ƙara babbar fanka mai dacewa da soket LGA 2011-3, ƙara akwati. N100 da 12100 da 5600G duk suna da hoto a ciki, sai dai ka kula da i3 mai harafin F a ƙarshe, ita babu. Madabod ɗin X99, wato waɗanda ke ɗaukar waɗannan Xeon ɗin, masu arha da ake odarsu daga Chana kuma, da yawansu da tsofaffin sassa aka haɗa su, wasu layin RAM biyu kawai suke amfani da shi maimakon huɗun da Xeon ke iyawa. In dai dole sai Xeon, ni na fi son cikakken akwati na hannu irin HP Z440 ko Dell Precision T5810, wanda kamfani ya haɗa da kansa. Ya fi tsada kaɗan, amma ka huta da gwaje-gwaje.

Kada a ce na zalunci Xeon, akwai inda babu mai kama ƙafarta. Tana ɗaukar RAM mai yawa, irin ta saba mai ECC, wato mai gyara kuskure da kanta, wadda ta hannu ta fi ta gama-gari sauƙin kuɗi, ga layin PCIe 40 na saka katuna da faifai. N100 layi 9 gare ta, RAM ɗinta layi ɗaya, Intel ma 16GB ta rubuta mata, kuma a manne take da madabod, ba a canza ta. Wanda ke bukatar 64GB ko 128GB don gwaji, zai kunna awa uku ya kashe, a wurin da ke da wuta tsayayya, Xeon ce tasa. Sai dai ka sani irin wannan RAM ɗin ta saba, wadda ake kira mai rajista (registered), ba ta aiki a madabod na gida, kada ka saya da niyyar mayar da ita wata kwamfutar daga baya.

Sai maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, kuma in furosesar Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama. E5 v3 da v4 ba sa cikin jerin. Ana iya yi mata dabara ta shiga, amma ban yarda a yi wa kwamfutar da ake neman abinci da ita haka ba. Mai Linux ko Proxmox wannan bai dame shi ba.

Ranar saye, buɗe manhajar CPU-Z ka tabbatar sunan furosesar ya yi daidai da abin da aka faɗa maka, ka ɗora mata aiki na minti 15 kana kallon zafi da mitar wat, ka gwada duk ramukan USB, a sa mata sabon man sanyaya da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarta. Idan ƙaramar ka ɗauka, duba adaftarta. Da yawa bolt 12 ne, ana iya ba su wuta daga ƙaramin UPS irin na rawuta, amma kada ka jona kai tsaye da batirin sola, don lokacin caji yana haura bolt 14.

Ƙanen nawa dai da muka zauna muka rubuta aikinsa, Python ne da burauza da kallon darussa, sai gwajin netwok sau ɗaya ko biyu a mako. Ya ɗauki 5600G da RAM 32GB, sauran kuɗin ya ƙara ya sayi UPS.