Kurakuran da iyalai suke maimaitawa wajen kula da yaro mai galahanga

Na gaji da ganin iyayen da suka fara wannan tafiya suna faɗawa ramukan da na gabansu suka faɗa, kuma mafi zurfinsu shi ne jira. Yaro ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, sai dangi su ce a ƙyale shi, wai yara maza sun saba jinkirin magana. Haka aka ce mana game da ɗanmu, har wani likita ya ce mu dawo idan ya shiga makaranta, kuma wannan jiran ya cinye mana lokacin da ya fi dacewa a fara taimaka masa. Ƙwararru suna iya gane galahanga, wato autism, yanayin da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, tun yaro yana da shekara 2, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a duba kowane yaro a wata 18 da wata 24. Abin da nake gaya wa kowa shi ne a fara da gwajin ji domin a kawar da shakkar kurumta, sannan a ɗauki gajerun bidiyo na yaron yana wasa ana kiransa, a nuna wa likita, domin ɗan zaman da za a yi a ɗakin asibiti ba ya nuna yadda yaro yake a gida. Kada a jira tabbacin likita kafin a fara koya masa hanyar bayyana buƙatarsa, ko da hotuna ko da alamar hannu.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, wato ɗaukar firgicewar yaro a matsayin rashin tarbiyya. Yaron da ya toshe kunnuwansa ya zube ƙasa yana kururuwa a cikin taro ba taurin kai yake yi ba. Hayaniya ce, ko tsananin haske, ko wani sauyi da ba a sanar da shi ba ya fi ƙarfinsa. Ku iyaye da kuke yi masa tsawa ko duka a wannan hali don jin kunyar idon jama'a, ku sani kuna ƙara masa azaba ne, kuma kuna koya masa tsoron mutanen da ya kamata ya fake a wurinsu. A fitar da shi wuri mai shiru, a rage magana, a jira ya natsu. Ni ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kafin kowace firgicewa, kuma ta nan na gano cewa kukan da ɗana yake yi kowace safiya daga ɗan ƙyallen da ke wuyan rigarsa yake, wanda ke gogar fatarsa. Da na cire shi da almakashi, kukan ya tsaya. Kaɗa hannu da lilo da jiki kuwa hanyarsa ce ta kwantar da hankali, a bar shi muddin ba ya jin ciwo.

Ɗora laifin galahanga a kan allurar rigakafi ba shi da tushe: binciken Andrew Wakefield na 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. Duk wanda ya yi alkawarin maganin da zai warkar da galahanga, kuɗinku yake so. Kada a riƙa tattauna gazawar yaro a gabansa, domin rashin magana ba rashin fahimta ba ne. Kada kuma a mai da 'yan'uwansa masu reno har a manta su ma yara ne.

Batun makaranta kuwa, kada a je ana roƙo kamar alfarma ake nema. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta tanadi ilimi tare da sauran yara a sashe na 24. Ni nakan kai wa malami takarda guda mai bayanin abin da ke firgita yaron da abin da ke kwantar da shi, kuma duk abin da aka amince a kai nakan nemi a rubuta.