Yadda na sa kwikwiyona ya daina kuka a keji

Kwikwiyon da na samo don gadi ya hana mu barci. Da an rufe shi a keji sai kuka da karce ƙofa har asuba. Tsawa ba ta yi amfani ba, nesanta kejin ma tsoro ya ƙara masa.

Sai na ɗaure ƙofar a buɗe, na koma ajiye masa abinci can ƙuryar kejin. Da ya saba shiga da kansa, na riƙa rufewa minti 5, sannan 15, sannan 30, kuma ba na buɗewa sai ya yi shiru. Na dawo da kejin gindin tagar ɗakina, na lulluɓe gefe uku da tsohon zane. Ƙarfe 2 na dare nakan fitar da shi fitsari, don ɗan wata 2 ba ya iya riƙewa har safe.

Alhamdulillahi, har maƙwabta sun huta.