Darasi: Kujerar Yaro a Mota, Baya Za Ta Fuskanta ko Gaba?

Kujerar mota ta ƙananan yara tana zuwa da fuska biyu. Akwai wadda yaro yake zama a ciki ya ba direba baya, idonsa yana kallon gilashin bayan mota. Ita ce mai fuskantar baya. Akwai wadda yake zama yana kallon hanya kamar kowa, wato mai fuskantar gaba. Wasu kujerun kuma ana iya ɗaura su ta kowace fuska, a fara da baya, in yaro ya girma a juya.

Shawararmu ɗaya ce, kuma da ita za mu fara. Jariri yana fara shiga mota ne a kujera mai fuskantar baya, kuma a bar shi a haka har sai ya kai iyakar nauyi ko iyakar tsawon da aka rubuta a jikin kujerar. Ba ranar cika shekara ce take sa a juya yaro ba, ba kuma tsawon ƙafafunsa ba.

Abin da ke faruwa a lokacin karo

A ce mota tana gudun kilomita 50 a awa, ta daki wani abu ta tsaya cak. Motar ta tsaya, amma jikin mutanen ciki bai tsaya ba. Yana ci gaba da tafiya gaba da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. Ƙarfin bugun ya yi daidai da na faɗowa daga tsayin kusan mita 10. A cikin wannan ƙiftawar ido nauyin yaro yana iya ninkuwa sau 30, mai kilo 10 ya koma kamar kilo 300. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe wannan, komai son da take yi wa ɗanta. Shi ya sa rungume yaro a cinya ba kariya ba ce.

Yanzu ku dubi jikin jariri. Kansa kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga shi da nauyi. Wuyan da ke ɗauke da wannan kai kuwa bai gama ƙwari ba. Ƙasusuwan wuyan ƙaramin yaro da sauran guringuntsi a tsakaninsu, jijiyoyin da suka ɗaure su kuma suna da taushi, suna miƙewa. Lakar da ke bi ta cikin ƙasusuwan ita ba ta jure ja. Idan aka fizgi kai da ƙarfi, ƙasusuwan za su iya buɗewa su miƙe, lakar ta tsinke a ciki. Daga nan sai shanyewar jiki ko mutuwa. Waɗannan ƙasusuwa ba sa gama haɗewa sai yaro ya wuce shekara uku, wasu sassan ma har wajen shekara shida.

Mafi yawan karo mai muni daga gaba yake zuwa. Idan yaro yana fuskantar gaba, maɗauri zai riƙe kafaɗunsa da ƙugunsa, amma ba abin da ya riƙe kai. Kan zai wulla gaba, wuya ya ɗauki nauyin duka. Idan kuwa yana fuskantar baya, bugun zai danna shi cikin kujerar. Kai da wuya da gadon baya za su tafi tare a jere, jinginar kujerar ta tallabe su kamar yadda tafin hannu yake tallabe ƙwai, ƙarfin ya bazu a faɗin bayansa maimakon ya taru a wuya.

Wani zai ce, to in an buge motar ta baya fa? Tambaya ce mai kyau. Bugun baya yawanci bai kai karon gaba ƙarfi ba, domin sau da yawa motocin biyu hanya ɗaya suka nufa, ko kuma ta bayan ta riga ta taka birki. Ana zaɓar kujera ne don haɗarin da ya fi kisa.

Inda dabarar ta samo asali da abin da ƙa'idoji suka ce

Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan tsari a shekarun 1960. Ya lura cewa 'yan sama jannati suna kwanciya rigingine ne lokacin tashin kumbo, don bayansu ya ɗauki ƙarfin fizga. Sai ya yi tunanin a yi wa yara haka a mota. Har yau a Suwidin yara suna tafiya suna fuskantar baya har wajen shekara huɗu, kuma ƙasar tana cikin waɗanda mutuwar yara a haɗarin mota ta fi ƙaranci a duniya.

Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fara aiki a 2013. Ta hana a juya yaro gaba kafin ya cika wata 15. Tsohuwar ƙa'ida, R44, da nauyi take aiki, kuma ta yarda a juya yaro daga kilo 9, nauyin da jariri zai iya kaiwa tun bai shekara ba. A ganinmu wannan ya yi wuri ƙwarai. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ce a 2011 a bar yaro yana fuskantar baya har shekara biyu. A 2018 ta cire maganar shekara gaba ɗaya, ta ce a bar shi har ya kai iyakar kujerarsa. Ku riƙe cewa wata 15 ko shekara biyu mafi ƙaranci ne, ba lokacin da aka ce lallai a juya ba. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma wuyan yaro iri ɗaya ne a ko'ina.

Karanta takardar jikin kujera

Kowace kujera ta kirki tana da takarda manne a gefenta ko a ƙasanta. A kujerun da suka bi ƙa'idar R129 ko R44, takardar mai launin lemo ce, da harafin E a cikin da'ira. Ku nemi haruffan kg, wato kilo, da cm, wato santimita. Kujerun Amurka sukan rubuta lbs, wato laba. Laba 40 kusan kilo 18 ke nan.

Ƙaramar kujerar jarirai mai mariƙi yawanci tana ɗaukar yaro har kilo 13. Manyan kujeru masu juyawa da yawa suna ɗaukarsa yana fuskantar baya har kilo 18 ko tsawon santimita 105, wato wajen shekara huɗu ga yawancin yara. Akwai masu kaiwa kilo 25. In za ku sayi kujera, wannan lamba ce abin dubawa na farko, kafin launi ko laushin katifa.

Yaro ya fi ƙarfin kujerarsa idan ɗaya daga cikin abubuwa uku ya faru: ya wuce nauyin da aka rubuta, ko ya wuce tsawon da aka rubuta, ko kansa ya taso har ratar da ke tsakanin tsakar kansa da bakin saman kujerar ta gaza santimita biyu da rabi. Wasu kamfanoni suna da nasu ma'aunin na kai, don haka a duba littafin da ya zo da kujerar. Abu ɗaya ya isa, ba sai ukun sun cika ba. A nan ne iyaye da yawa suke kuskure: jariri ya cika ƙaramar kujera yana wata goma, sai a saya masa mai fuskantar gaba. Abin da yake buƙata shi ne babbar kujera mai fuskantar baya.

Maganar ƙafafu

Ƙorafin da aka fi yi shi ne ƙafafun yaro sun taɓa jinginar kujerar mota, ya takura. Gaɓoɓin ƙananan yara suna da laushi. Sukan tanƙwashe ƙafa, ko su miƙe ta sama a jikin jingina, ko su sako ta gefe, ba tare da wani ciwo ba. Karayar ƙafa ba ta da yawa ga yaran da ke fuskantar baya. Ga masu fuskantar gaba ma ƙafa takan wulla ta bugi bayan kujerar gaba. Ko da an karye, ƙafa tana ɗoruwa. Laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa.

Idan damuwar rashin ganin fuskarsa ce, ana iya ɗaura madubin roba da ba ya fashewa a matashin kan kujerar baya, a ɗaure shi tamau. Ko babba ya zauna kusa da shi. In yana kuka, a fara duba ko maɗaurin yana cizon wuyansa, ko zafi ya dame shi, ko kujerar ta kwanta da yawa har ba ya ganin waje.

Ɗaura kujera mai fuskantar baya

Wurinta kujerar baya. Kada a taɓa sa ta a gaba inda akwai jakar iska da ke aiki, wato airbag, jakar da ke kumbura nan take a lokacin karo. Jakar tana fashewa da gudun da ke iya kaiwa kilomita 300 a awa, kuma bayan kujerar za ta daka, daidai inda kan jariri yake.

Hanyar ɗaurawa biyu ce. Ta farko ita ce ISOFIX, wadda a Amurka ake kira LATCH: wasu ƙarafa biyu ne a ɓoye a tsagar da ke tsakanin mazauni da jinginar kujerar mota. A tura hannuwan kujerar yaro har a ji sun kama, alamar da ke jikinsu ta koma kore. In kujerar tana da ƙafar tokare, a zaro ta har ta dafa ƙasan mota sosai. Hanya ta biyu ita ce bel ɗin mota. A bi da shi ta ramukan da aka tanada, ba tare da ya murɗe ba. A kujerun Turai da yawa hanyar fuskantar baya shuɗiya ce, ta fuskantar gaba ja ce, sababbi kuma kore suke sawa. A danna kujerar da hannu, a ja bel ɗin ya tsuke, a kulle shi yadda littafin ya nuna. Hanya ɗaya ake bi, sai in littafin ya ce a haɗa biyun.

Sannan a gwada. A kama kujerar daidai inda bel ko ƙarfen ya riƙe ta, a jijjiga gefe da gefe, gaba da baya. Kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Saman kujerar zai ɗan yi motsi, wannan ba laifi ba ne.

Kwanciyar kujerar ma tana da muhimmanci. Sabon jariri yana buƙatar ta kishingiɗa kusan digiri 45. In ta miƙe da yawa, kansa zai rinjaya, haɓa ta dafa ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Yawancin kujeru suna da layi ko ɗan ma'auni a gefe. A duba shi motar tana tsaye a wuri mai daidai, ba a gangare ba. In yaro ya iya riƙe kansa, ana iya ɗan miƙar da ita gwargwadon abin da littafin ya yarda.

Ɗaure yaron kansa

Kujera mai kyau da maɗauri sako-sako ba ta da amfani. Ga mai fuskantar baya, igiyoyin kafaɗa su fito daga daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, domin a lokacin karo jikin yaro yana son ya zame sama. Ga mai fuskantar gaba, daga daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Bayan an kulle, a ja igiyar tsukewa, sannan a gwada tsunkular maɗaurin a saman kafaɗa da yatsu biyu. In ya ninku a hannunku, bai tsuke ba. In kujerar tana da maƙalin ƙirji, a ɗaga shi daidai hammata, kada ya zauna a kan ciki.

A cire wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi. Kaurin yana lotsewa a lokacin karo, ya bar rata, yaro ya zame. A ɗaure shi tukuna, sannan a rufa masa bargo a sama. Kada a ƙara matashi ko katifar da ba ta zo da kujerar ba. A doguwar tafiya, a tsaya a fito da jariri aƙalla duk bayan awa biyu, kuma kujerar mota ba wurin barcinsa ba ce a gida.

In lokacin juyawa ya yi

Yaron da ya wuce iyakar fuskantar baya sai ya koma mai fuskantar gaba mai maɗauri biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin ƙafafu. A canza hanyar bel, a ɗaga igiyoyin kafaɗa, a miƙar da kujerar. Abin da aka fi mantawa shi ne igiyar sama, mai ƙugiya, da ke fitowa daga bayan kujerar. Ana maƙala ta a ƙarfen da aka tanada a bayan jinginar mota ko a cikin but, mai alamar anka, wato hoton ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa. Ita ce take rage nisan da kai zai wulla da santimita 10 ko fiye, wanda zai iya hana shi kaiwa ga bayan kujerar gaba. Kada a maƙala ta a ƙugiyar ɗaure kaya. Yaro ya wuce wannan kujera idan ya haura nauyinta, ko saman kunnuwansa ya wuce bakin kujerar.

Game da kujerar hannu, wato wadda wani ya yi amfani da ita, sai an yi hattara. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya samun tsaga da ido ba ya gani. Roba kuma tana gajiya da zafi da tsufa, shi ya sa kamfanoni suke ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10. Wadda ba a san tarihinta ba, ko takardarta ta goge, ko babu littafinta, a bar ta.

Aikin gwaji

Ku auna nauyin yaronku da tsawonsa, ku rubuta a takarda. Ku nemo takardar jikin kujerarsa, ku kwafi lambar kg da ta cm na fuskantar baya a gefen naku. Ku debe nauyin yaron daga na kujerar ku ga kilo nawa ya rage. Misali, kujera mai kilo 18 da yaro mai kilo 12, saura kilo 6. Ku yi haka ga tsawo ma. Ku nemo ranar da aka ƙera kujerar, ku lissafa shekarunta. Daga nan ku zaunar da yaron a ciki, ku auna ratar da ke tsakanin tsakar kansa da bakin saman kujerar, ku ga ko ta kai santimita biyu da rabi, ku rubuta ranar da kuka yi awon. A sake shi duk bayan wata uku.