Darasi na 6: Shirin Magidanci Kafin Ambaliya

A arewacin jihar Bauchi, musamman garuruwan da ke bakin kogin Jama'are a ƙananan hukumomin Jama'are, Itas/Gadau da Zaki, ruwa ya fi yin ɓarna a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi. Wannan kogi daga tsaunukan Jos ya taso, saboda haka yana iya cika ya tumbatsa cikin dare ko da ba a yi yayyafi a garinku ba. Wanda ya ce sai ya ga hadari zai fara shiri, ya makara.

Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna da ruwan ƙasa kuma tana bayyana yankunan da ake fargabar ambaliya. Gidajen rediyo suna sanar da wannan da Hausa, kuma wajibi ne magidanci ya saurara, ya isar wa maƙwabta.

Aikin farko a gida ake yinsa, tun kafin ruwa ya zauna. Ku duba gindin katanga, domin ginin ƙasa daga tushe yake jiƙa ya rufta, sau da yawa a kan masu barci. Idan kun taɓa bango kuka ji danshi ya haura gwiwa, ko kuka ga tsaga tana buɗewa, kada kowa ya sake kwana a ɗakin. A gyara indararo, a yashe kwata, a daina zuba shara da leda a magudanar ruwa. Hatsin da ke ɗaki a ɗora shi a kan dakali ko katako.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne iyali su zauna su yanke shawara tun da sauran lokaci. Wane tudu za a nufa, makarantar firamare ko masallacin Juma'a, kuma ta wace hanya? Wa zai riƙe tsohuwa, wa zai goya jariri, wa zai kwance dabbobi daga turke? A ambaci kowa da sunansa, har yara su haddace, domin idan ruwa ya shigo cikin duhu babu mai natsuwar yin tunani. Mai unguwa ya kamata ya san gidajen da ke da marasa lafiya, makafi da mata masu ciki. Katin ɗan ƙasa, takardar gona da katin rigakafin yara a ƙulle su cikin leda biyu, a rataye su kusa da ƙofa tare da tocila da maganin da wani yake sha kullum.

Idan an ce a tashi, a tashi nan take, a kashe wutar lantarki kafin fita. Kada a ratsa ruwa mai gudu a ƙafa ko a babur: zurfin santimita 15 kawai ya isa ya kayar da babban mutum. Ana kiran lamba 112 kyauta don neman agaji, sannan a sanar da dagaci domin rahoto ya kai ga hukumar agajin gaggawa ta jiha da kuma ta tarayya, wato NEMA.

Bayan ruwa ya janye, rijiyoyi sukan gauraya da ƙazantar masai, daga nan kwalara take ɓulla. A tafasa ruwan sha. Wanda ya fara gudawa a haɗa masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana tafiya da shi asibiti.

Aikin gida: rubuta sunan tudun da iyalinka za su nufa, da sunan wanda zai kula da kowane yaro da tsoho, ka kawo aji a zama na gaba.